Igiyar Baffa

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Baffana, ƙanen mahaifina, ya koma ranar wata Talata da hantsi, kwana huɗu bayan ya miƙa takardun jarrabawar ƙarshen shekara da ya gyara. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai ma ba mu lokacin da za mu tsorata sosai ba. Shekara tara yana koyar da lissafi a wata babbar sakandare ta nan Libreville, kuma a biyar na ƙarshe, kowane dogon hutu, shi ke jagorantar horon da ake yi wa sababbin malamai, wanda a nan muke ce wa sitaj. Na zauna rubuta wannan ne don saura kaɗan a tuna da shi da labarin da ba nasa ba, kuma da bakina za a yi hakan.

An kafa rumfa a ƙofar gidan Baba a Nzeng-Ayong, aka shimfiɗa tabarmi. Tun ranar farko na lura masu ta'aziyya iri biyu ne, kuma ba su san juna ba. Akwai mutanenmu, 'yan kasuwa da direbobi, na Damagaram da na Maraɗi da na Kano, waɗanda suka san inda ake aje takalmi da abin da ake cewa. Akwai kuma malaman makaranta cikin kwat, suna tsaye a bakin rumfa suna kallon tabarma kamar rafi ne za su tsallaka. Wani ya cire takalmi har da safa. Wani ya zauna da nasa, ya miƙe ƙafafu waje don kada ya taka.

Wani ɗan Kano mai kantin atamfa ya ƙirga su da ido, ya matso kusa da ni.

"Wai duk waɗannan don Mushe suka zo? Ikon Allah. Ni fa da ɗaukar buhun shinkafa na san shi, a kantin yayansa, ran Juma'a."

Mushe shi ne sunan da mutanenmu suke ce wa malamin boko, kuma ban taɓa jin sun kira Baffa da wani suna ba. Wani direban babbar mota ya ce shi a Owendo ya fara ganin sa, yana tafiya a kan gungumen okume da ma'auni a hannu, yana awon katako kafin a loda a jirgin ruwa. Wani tsoho ya ce a wani ƙauye can wajen Magariya ya taɓa koyar da yara a rumfar zana. Kowa ya riƙe nasa Mushen, kuma duk gaskiya suka faɗa.

Baba yana zaune a tsakiya da carbi. Mahaifina mutum ne mai nauyin harshe, kalma ɗaya sai ya yi kamar zai ɗago ta da hannu, kuma yana jan ƙafarsa ta hagu tun kafin a haife ni. An ce mana ciwo ne ya same shi yana saurayi, mu kuma ba mu tambaya ba. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Allah ya ba da lada," ya mai da kai ƙasa.

Da la'asar wata dattijuwa 'yar ƙasar nan ta zo, wadda duk malamai suke ce wa Madam kawai. Ta shiga wajen mata ta daɗe, sannan ta aika a kira ni. Da Faransanci ta yi mini magana, idonta jajir.

"Ɗana, abu ɗaya zan tambaye ka. Kafin alli, me hannunsa ya yi?"

Tambayar Baffa ce ta juyo mini da ita. Ranar farko ta kowane sitaj ba ya neman takardar shaidar kowa. Yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Kafin alli, me hannunka ya yi?" Tambayar kuwa tana da wurin zama, don a shekarun nan da man fetur ya yi daraja, makarantu sun tsiro fiye da malamai, duk mai kai sai a miƙa masa aji. Su kansu masu ba da horon haka suka zo. Madam ungozoma ce shekara goma a wani asibitin daji kafin ta koma koyar da ilimin halittu. Mai koyar da Faransanci saura shekara ɗaya ya zama fada a coci ya fasa. Mai kimiyya, ɗan Sanigal, ma'aikacin rediyo ne a jirgin ruwa. Akwai wani ɗan Benin mai labarin ƙasa wanda kwastan ne a da, har gobe in ya karɓi littafin ɗalibi sai ya girgiza shi ya ga ko wani abu zai faɗo.

Baffa bai yarda su bar tsohuwar sana'arsu a ƙofar aji ba. Da Madam ta fara zuwa, wasu masu digiri suna ce mata mai yanke cibiya a bayan idonta. Shi ya tsayar da ita a gaban kowa ya ce ta koya musu yadda ake gane fuskar mai jin ciwo da ke cewa lafiya lau, don aji cike yake da irin wannan fuskar. Daga ranar ba wanda ya sake yi mata dariya. Ɗan Sanigal kuma ya koya musu cewa saƙo bai isa ba sai na can ya maimaita shi. Amma in aka juyo da tambayar kan Baffa, sai ya yi murmushi.

"Awon katako."

"Kafin katako fa?"

"Yaran ƙauye."

"Kafin su?"

"Kafin su ina ƙarami," sai ya tashi ya je ya gyara taga.

Na ce wa Madam iyakar sanina mu fatake ne, kaka da kakanni. Ta kama hannuna ta juya tafin, ta dube shi kamar mai duba jariri, ta ce tafin hannun Baffa ba na mai awon yadi ba ne. Na ji kunya. Mutumin da ya koya mini ƙidaya, na sha gaisawa da shi, na san tafinsa kamar ƙirgi yake, amma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Ranar sadakar uku shugaban makarantarsu ya zo da motarsa daga unguwar Batterie IV. Mutumin kirki ne, yana kuma son Baffa tsakani da Allah. Ya ce sitaj na bana za a buɗe shi nan da kwana goma sha shida, Madam ce za ta jagoranta, amma suna so ni, da nake ɗansa kuma malami, in karanta tarihin aikinsa a gaban sababbin malamai. Har ya rubuta, ya miƙo mini. A tsakiyar takardar na ga an ce marigayi ya koyo shahararriyar dabararsa ta igiya ne a wani horo da ya yi a Faransa. Na tambaye shi inda ya samu wannan. Ya ce ai kowa ya sani, wani hutu Baffa ya yi tafiyar wata biyu, da ya dawo ya fara abin igiyar.

"Kuma irin wannan dabarar," in ji shi, "ai ba a nan ake tsinto ta ba."

Ba zan ɓoye ba, takardar ta yi mini daɗi. Wa zai ƙi a ce baffansa ya yi Faransa? Abin da ya hana ni sakat shi ne, duk wanda na sani da ya taka ƙasar can ko da na mako ɗaya ne, sai ya shekara goma yana ba mu labarin sanyi. Baffa ko sau ɗaya bai yi maganar sanyi ba. In kuwa na karanta takardar nan, malamai arba'in za su watsu da ita cikin ƙasa, shi ke nan ta zama tarihinsa.

Sai na fara tattara abin da na sani game da shi, na ga yawancinsa abin mamaki ne da sabo ya hana ni gani. Baffa ba ya fara magana a ɗaki sai ya buɗe kowace taga, ko ana ruwan sama. "Iska tukuna," haka yake cewa. A garin da ruwa ke zuba har ya gundure mutum, shi da rabin buta yake alwala, ya rufe sauran. Ba ya kuma iya wuce rami. Shekarun nan ko'ina haƙa ake yi, nan ginin bene, can hanyar mota, to fita da Baffa aiki ce. Sai ya tsayar da tasi ya sauka, ya tsaya a bakin ramin gini hannu a baya, yana leƙe. Wata rana na gan shi ya ɗebo ƙasa daga tulin da aka fitar, ya murza, ya shinshina, ya ce wa mai kula da aikin, "Saura zurfin gaba guda ku iske ruwa." Mutumin ya yi masa kallon mahaukaci. Bayan kwana biyu muka biyo ta wurin, sun kawo injin zuƙe ruwa.

Sai kuma ran Juma'a. In an sauko daga masallaci, Baffa yakan cire kwat ya rataye a ƙusa a kantin Baba, ya shiga jidar buhuna da kwalaye yana jerawa. Ba sa hira. Baba yana kan kujerarsa, Baffa yana kai da kawowa. Amma da Baba ya ƙwanƙwasa katakon kanta da yatsa sau ɗaya, ko Baffa yana can ƙuryar sito, kafin ka ƙifta ido yana tsaye a gabansa yana cewa, "Na'am, Yaya." Na ɗauka ladabi ne irin na mutanen da.

Igiyar kuwa ga yadda take. Siririya ce, tsawonta ya kai daga allo zuwa bencin ƙarshe. Malamin da zai gwada koyarwa sai a ɗaura masa ita a wuyan hannu, a bi da ita tsakanin bencuna, Baffa ya zauna can baya da ɗaya bakin a yatsa, a matsayin ɗalibin da ya fi kowa jinkirin ganewa. In ya ja sau ɗaya, bai gane ba, a sake. Sau biyu, an yi sauri, a sassauta. Sau uku, a dakata gaba ɗaya, ya ɓace. Doka ɗaya ce tal: wanda igiya ke hannunsa ba ya riƙe littafi. Sababbin malamai sukan yi dariya ranar farko. Kafin mako ya ƙare za ka ga mutum yana rubutu a allo, rabin hankalinsa yana wuyan hannunsa.

A kan igiyar nan muka yi faɗa, ni da shi, faɗan da bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Shekara biyu ke nan. Na fito daga makarantar horon malamai da sakamako mai kyau, kaina ya kumbura, ina ganin ni ba irin tsofaffin nan ba ne da suka faɗo aji daga jirgin ruwa da ɗakin haihuwa. Da aka zo kaina a sitaj, na shirya darasi shafi huɗu, na ɓoye shi a cikin littafi na buɗe a hannun hagu. Na shiga karantawa ina jin daɗin muryata. An ce ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu, ya ja sau uku. Wallahi ban ji ba. Sai dai na ga mutum a gabana. Ya fizge littafin ya wurga ta taga. Baffa da ko kaza ba ya kora da ƙarfi.

Na kwance igiyar na yar a ƙasa, na ce masa da Hausa don kada sauran su ji, "Baffa, ni ba akuya ba ne da za a ɗaure ni a gaban mutane."

Ya sunkuya ya ɗauki igiyar, yana naɗe ta a hankali.

"Ba kai aka ɗaure ba," ya ce. "Kai ne a sama. Wanda ke ƙasa ya kira ka sau uku."

Ban gane ba, ban kuma nemi ganewa ba. Wata guda ban gaishe shi ba sai in mun haɗu a gaban Baba. Shi ya zo har ɗakina da littafin, ya goge masa ƙasa, ya manne shafin da ya yage. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba, muka sha shayi. Yau in na tuna wannan wata gudan raina yakan ɓaci, don da na yi tambaya ɗaya a lokacin, da daga bakinsa zan ji amsa.

Bayan sadakar bakwai na shiga wajen matarsa, wadda muke ce wa Iya, tana takaba. A nan Libreville ya aure ta, lokacin yana Owendo, don haka ita ma daga katako ta san shi. Na tambaye ta maganar Faransa. Duk da halin da take ciki sai da ta yi dariya.

"Ni dai da kilishi ya dawo mini, da igiyar nan, da jar ƙasa a farce. In Faransa suna kilishi, to can ya je."

Ta buɗe akwatinsa ta miƙo mini igiyar. Ta ce in ina son sauran, in je wajen mahaifina, don duk abin da mijinta bai faɗa ba yana can.

Washegari da safe na iske Baba ya buɗe kanti. Na gaishe shi, na aje igiyar a kan kanta. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ɗauka ya fara awon ta, yana buɗe hannuwa gaba bayan gaba, da saurin da ban taɓa ganin hannunsa ya yi ba.

"Wannan ta magana ce," ya ce. "Akwai babba, ta guga da ta mutum."

Na jawo kwali na zauna. Abin da zan rubuta yanzu ya ɗauke shi kusan awa biyu, ana zuwa sayen sukari da sabulu yana tsayawa.

"Mu ba fatake ba ne. Fatauci daga baya ne, da ƙafa ta ƙi. Mu masu haƙar rijiya ne, tun kakanka. Ni ina ƙasa, Baffanka yana sama. Ƙaramar igiya tana hannuna, tana hannunsa. In na ja ɗaya, a ɗauki guga. Biyu, a sassauta. Uku, a fid da ni."

Ya ce wata shekara suna haƙa a wani ƙauye arewa da Damagaram, rijiya ta kai gaba ashirin da biyu. Mushen ƙauyen ya ga Baffa yana lissafin yawan siminti da ka, ba ya kuskure, sai ya fara koya masa karatu da yamma, ya ba shi aron littafin lissafi. Baffa yana da shekara goma sha tara lokacin, bai taɓa zama a aji ba. Littafin ya shiga ransa, da shi yake cin abinci. Al'adar masu haƙa ita ce kafin mutum ya sauka da safe sai a zura fitila, in ta mutu to iskar ƙasa ta ɓaci, sai a jira. Ran nan suna sauri, ba su zura ba.

"Na sauka. Na yi sara kaɗan, kaina ya fara juyawa. Na ja uku. Shiru. Na sake jan uku. Ina ganin bakin rijiya can sama kamar kwabo. Daga nan ban san komai ba."

Baffa ya kwance ƙaramar igiyar daga hannunsa ya ɗaura a itacen bakin rijiya, don ya samu hannu biyu ya riƙe littafi. Ba jan igiyar ya ji ba, shirun ne ya dawo da shi, da ya lura ƙarar sara ta tsaya. Ya yi ihu mutane suka zo, ya ɗaura babbar igiya a ƙugu ya sauka cikin iskar nan, ya ɗaure yayansa aka jawo, sannan aka jawo shi. Baba ya farka bayan kwana biyu, harshe ya yi nauyi, ƙafa ta ƙi.

"Ya so ya ƙona littafin. Ni na hana. Na ce tunda ƙafata ta tafi a kansa, sai ka karanta shi har ƙarshe."

Sauran hanyar na riga na ji ta gutsi-gutsi a rumfar makoki, Baba ya ɗinke mini ita. Baffa ya ci jarrabawar firamare yana da gemu, aka ɗauke shi mataimakin malami a ƙauye, yana koyarwa yana karatu. Baba ya biyo 'yan'uwa zuwa Gabon ya kama kanti. Baffa bai iya zaman nesa da shi ba, ya biyo shi. Takardunsa ba su yi aiki a nan ba, sai ya shiga awon gungume a Owendo, don gungume da rijiya lissafinsu ɗaya ne, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Da makarantu suka buɗe ana neman masu lissafi ido rufe, ya zauna jarrabawa ya ci. Tafiyar wata biyun kuwa gida ya je. Rijiyar nan ce ta cushe, ya je ya shiga da kansa ya yashe ta.

"Shekara talatin," in ji Baba, yana ƙwanƙwasa kanta da yatsa, "ban sake kiran sa sau biyu ba."

Na tambaye shi ko sun taɓa komawa kan maganar. Ya girgiza kai. Na ce, to ya san ka yafe masa? Baba ya naɗe igiyar a hannu, ya warware, ya sake naɗewa.

"Ban ga abin yafewa ba, shi ya sa ban faɗa ba. Yanzu ina ganin da na faɗa."

A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Da na natsu na gaya masa maganar takardar shugaban makaranta, na ce ina tsoron in na faɗi gaskiya in tona abin da Baffa ya rufe.

"Ka faɗa ya fid da ni," ya ce. "Ka faɗa kuma ya makara. In ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya, ba shi ba ne."

Na kai wa shugaban makaranta labarin. Ya tambaya a hankali ko wannan ba zai rage wa marigayi daraja a idon sababbin malamai ba. Madam tana wurin. Ta ce shekara biyar tana jiran amsar nan, duk mai son sauya labarin sai ya fara karawa da ita. Shugaban ya ninke takardarsa ya sa a aljihu.

Ranar buɗewa gari ya tashi da gajimaren nan na rani da ba ya kawo ruwa. Malamai arba'in sun cika ajin, Madam ta bi tagogi tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na yi kwana biyar ina rubuta jawabina, shafi uku na Faransanci mai kyau, gaskiya zalla, amma na yi mata ado yadda ba za a raina mu ba. Madam ta ce da igiya a hannu zan yi magana, don haka ake yi a nan. Ta ɗaura mini, ta bi da ita tsakanin bencuna har baya. Bencin Baffa babu kowa. Tsofaffin abokan aikinsa suka dubi juna, ba wanda ya motsa.

Sai muka ji tasi ya tsaya a waje. Baba ne, da babbar rigarsa ta Idi. Bai gaya mini zai zo ba, kuma a iya sanina ƙafarsa ba ta taɓa shiga makarantar boko ba. Ya yi sallama, ya jawo ƙafarsa daga ƙofa har bencin ƙarshe, ajin ya yi tsit ana jin takunsa. Ya zauna, ya ɗauki bakin igiyar ya naɗa a yatsa kamar jiya ya aje ta.

Na ɗaga takardata na fara karantawa. Ina layi na uku na ji igiya ta motsa a wuyan hannuna. Sau ɗaya ne, kuma a hankali, amma na ji. Na ɗago kai.

"Na'am, Baba."

"Ban gane ba," ya ce. "Aje takardar. Faɗa mini da Hausa."

Na aje ta a kan tebur. Na fara daga kakanmu da rijiyarsa, ina kallon mahaifina, ina faɗin jimla da Hausa sannan in juya wa sauran da Faransanci. Adon da na yi kwana biyar ina yi bai samu wurin shiga ba. Na faɗi fitilar da ba a zura ba, na faɗi littafin, na faɗi ja uku da ba a ji ba, na faɗi wanda ya sauka. Har na gama igiyar tana kwance tsakaninmu, bai sake ja ba. Sai da na yi shiru ya ɗaga murya, da nauyin harshen nan nasa, ya ce in ƙara musu abu ɗaya. Ya ce in gaya musu ya yafe, tun ranar.

Na gaya musu, da Hausa da Faransanci.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya riga mu jin wannan maganar. Allah ya yalwata masa makwanci, ya buɗe masa taga ta wajen Aljanna, iska ta shigo masa.